Neman kalmar Hausa: me za mu kira *villein* na tsohuwar Ingila?

1/ Jama'a masu fassara da malaman tarihi, ga wata kalma da ke ba mu wuya: *villein*, ko *serf*, wato manomin Ingila na zamanin da, wanda ke zaune a ƙasar wani mai sarauta kuma ba shi da ikon tashi. Yawancinmu “bawa” muke rubutawa mu wuce. Ni ban yarda da wannan ba.

2/ A 1086 Sarki Wiliyam na Ɗaya ya sa aka ƙidaya gonaki da mutanen Ingila a kundin Domesday. Kundin ya ware bayi daban, wajen kashi 10 cikin 100, ya kuma ware waɗannan manoma daban, wajen kashi 40. A 1102 taron malaman coci a Landan ya hana cinikin mutane, bauta ta yi ta ja da baya, su kuwa manoman nan suka ci gaba da zama a ɗaure shekaru ɗaruruwa. In duka biyun bayi muka kira su, yaya ɗalibi zai gane wannan sauyi?

3/ Ga zamansa. Yana da gida da iyali da gonar da yake ci, mai cikakken rabo yakan samu wajen eka 30. Amma kowane mako sai ya yi kwana 2 ko 3 a gandun ubangidansa, in kaka ta yi a ƙara masa, ko da nasa hatsin yana zuba a ƙasa. Niƙa sai a injin ubangida, a cire rabo. Zai aurar da 'yarsa, sai ya biya kuɗin izini. Ranar da ya mutu, kafin a share makoki wakilin ubangida ya zo ya kwance dabbar da ta fi kyau a turke. Wannan ta ƙarshen ita ta fi taɓa ni, don sau da yawa san noman ne ake janyewa daga hannun marayu.

4/ A shari'a kuma, ba zai kai ubangidansa ƙara kotun sarki a kan gona ba, sai dai kotun gandun, wadda ta ubangidan ce. Duk da haka ubangida ba shi da ikon kashe shi ko nakasa shi, kuma a gaban kowa in ban da ubangidan, ɗa ne. In ya gudu wani birni mai takardar 'yanci ya shekara da kwana ɗaya ba a neme shi ba, ya kuɓuta.

5/ “Talaka” ba ta kama ba, talaka in ya ga dama ya yi ƙaura. Wani malaminmu ya kawo “bacucane” ko “dimajo”, kuma ranka ya daɗe, ka kusa: haifaffen gida, aikin gandu da safe, gayaunarsa da yamma. Har kuɗin da *villein* ke biya duk shekara don a bar shi ya zauna wani gari ya yi kama da murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi aikin kansa. Sai dai bacucane zuriyar bayi ne, alhali da yawa daga manoman Ingila kakanninsu masu 'yanci ne da aka danne bayan Sarki Wiliyam ya ci ƙasar da yaƙi a 1066.

6/ Shawarata: mutumin a kira shi baran gandu, jam'i barorin gandu, tsarin kuma barantakar gandu. “Bara” ta nuna yana da ubangida kuma ba bawa ba ne, “gandu” ta nuna inda aka ɗaure shi. Rauninta ɗaya, bara yakan iya sauya ubangida, don haka a ambaton farko a ƙara cewa gadonta ake yi, ba a fita sai da fansa.

7/ Mu gwada ta a jimla: Bayan annobar 1348 ta rage ma'aikata, lada ya tashi, barorin gandu suka fara gudu. A boren 1381 ƙarƙashin Wat Tyler sun nemi Sarki Richad na Biyu ya soke barantakar gandu, ya ba su takardun 'yanci, daga baya ya janye. Ni dai a kunnena ta zauna. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in akwai wata kalma a bakin tsofaffinku da ta fi wannan kamawa, ku kawo ta mu auna.