Koci mai zafi kaɗai ya isa ya gyara ƙungiyar da ta lalace?

Bashir: Ni dai ga matsayata, wanda bai yarda ba ya fito. Duk ƙungiyar da ta sukurkuce, 'yan wasa suna zuwa atisaye lokacin da suka ga dama, maganinta koci ɗaya ne mai zafi da ba ya shakkar kowa. Ku dubi Ferguson. Ya zo Manchester United a Nuwamban 1986 tana kusa da ƙasan teburi, manyan 'yan wasanta sun shahara da shan giya. Ya sa ƙafar wando ɗaya da su, a 1989 ya sayar da Paul McGrath da Norman Whiteside, waɗanda magoya baya ke ƙauna. Sauran tarihi kun san shi.

Kawu Isa: Bashir ɗana, ka tsallake tsakiyar labarin, kuma nan ne zancen yake. Ferguson bai ɗauki kofi ba sai 1990, kofin FA. Gasar lig kuwa sai 1993, bayan United ta yi shekara 26 tana jira. A ƙarshen 1989 magoya baya har ƙyalle suka ɗaga a fili suna cewa ya tafi. Wa ya hana a kore shi? Martin Edwards da Bobby Charlton da ke sama a shugabancin ƙungiyar. Da sun biye wa ihun 'yan kallo, yau da ba wanda zai kawo sunansa a irin wannan muhawara.

Bashir: Kawu, ai sun haƙura da shi ne don sun ga aikin da yake yi. Shi ya jawo haƙurin.

Nura: In zafi ne magani, ina Paolo Di Canio? Ya karɓi Sunderland a Maris 2013, ya kafa dokoki kamar barikin soja, har miyar tumatir ta kwalba ya hana a wurin cin abinci, yana caccakar 'yan wasansa a gaban 'yan jarida. Kafin Satumba ya ƙare su da kansu suka kai ƙararsa sama, aka sallame shi. Wasa 13 kacal ya ja ragama.

Bashir: Wannan hauka ne ba shugabanci ba.

Nura: To ka ga ka fara sauya magana, yaya Bashir. Ɗazu zafi ka ce.

Anti Zainab: Ku bar ni in saka baki, don akwai misalai biyu da suka fi waɗannan kusa da juna. Arteta a Arsenal da Ten Hag a Manchester United kusan abu ɗaya suka yi, sakamako ya bambanta. Arteta ya ajiye Özil har ya tafi Fenerbahçe a farkon 2021. A Disamban 2021 ya karɓe kyaftin daga hannun Aubameyang saboda saɓa doka, ciki har da dawowa a makare daga tafiya, alhali shi ne babban mai ci musu ƙwallo. Arsenal ta yarda ta raba gari da shi, ya tafi Barcelona ba tare da an biya kuɗin saye ba. Ku tuna kuma a lokacin Arteta ya ƙare na takwas sau biyu a jere, ya buɗe kakar 2021 da rashin nasara uku ba ƙwallo ko ɗaya, har Man City ta zuba musu biyar. Duk da haka Edu, daraktan ƙwallo a lokacin, da masu ƙungiyar suka tsaya a bayansa. Yaron da ke zaune a ɗakin sauya kaya ya ga kyaftin ya tafi, koci yana nan. Daga ranar ya san inda iko yake, ba sai an yi masa huɗuba ba.

Bashir: Anti, ai wannan hujjata ce kika kawo.

Anti Zainab: Jira in gama, ƙanena. Ten Hag ma ba sanyi gare shi ba. Da Brentford ta ci su huɗu tun kafin hutun rabin lokaci a Agustan 2022, ya soke hutun washegari, ya sa su gudun kilomita 13.8, tazarar da Brentford ta fi su gudu a wasan, kuma ya shiga cikinsu ya yi gudun. Wasa na gaba suka doke Liverpool. Ya yi fito-na-fito da Ronaldo, Ronaldo ya tafi a Nuwamba. Ya ware Sancho a Satumban 2023. Me ya rage na zafi da bai yi ba? Amma ƙungiyar ba ta gyaru ba.

Nura: Amma United ta goya masa baya a kan Ronaldo fa, kwantiragin ta soke. Kenan goyon bayan sama ma bai isa ba.

Anti Zainab: Goyon baya na rana ɗaya daban, na shekaru daban. A lokacin ita kanta ƙungiyar tana kasuwa, iyalan Glazer masu ita suna neman mai saye. Ratcliffe ya sayi hannun jari ya shigo a farkon 2024, bayan kaka aka yi ta tattaunawa da wasu kociyoyi a bainar jama'a, sannan aka dawo aka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi, a Oktoba aka kore shi. Ɗan wasan da ke da kwantiragin shekara huɗu da albashi mai tsoka, me zai sa ya wahalar da kansa a kan dokar mutumin da kowa ya san kwanansa ya ƙare? Zama zai yi ya jira na gaba. Tun da Ferguson ya tafi a 2013 haka ake yi a gidan: Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, kowa da halinsa, mai zafi da mai sanyi, duk an gwada.

Kawu Isa: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ma wani wurin da kuka manta, wato manyan 'yan wasa. Chelsea a zamanin mai ita Abramovich tana sauya koci kamar ba gobe, amma halin ƙungiyar bai sauya ba, don Terry da Lampard da Drogba da Cech ne ke riƙe da ɗakin. Villas-Boas ya zo zai karya su, shi aka kora a Maris 2012. Di Matteo, na riƙon ƙwarya, ya lallaɓa su, bayan wata biyu suka ɗauki Kofin Zakarun Turai a Munich.

Nura: Ni ma in ƙara Brighton. Kocinsu Potter ya tafi Chelsea a 2022, ana ta cewa sun mutu. De Zerbi ya zo suka ƙare na shida, suka shiga gasar Turai karon farko. Potter kuwa bai kai ƙarshen kaka a Chelsea ba. Tsarin na Tony Bloom ne, mai ƙungiyar, koci shigowa yake ya tarar da shi.

Bashir: Kun taru a kaina, to ku amsa mini Simeone da ya karɓi Atletico Madrid. Disamban 2011 Atletico tana ta goma, Albacete ta rukuni na uku ta fitar da ita a Copa del Rey. Shugabannin nan dai su ne, waɗanda suka yi ta cinye kociyoyi shekara da shekaru. 'Yan wasan ma kusan su ne, Gabi da Godín da Falcao. Mutum ɗaya ya shigo. Cikin wata biyar suka ɗauki Europa, 2013 suka doke Real Madrid a Bernabéu a wasan ƙarshe na Copa bayan shekara 14 ba su ci ta ba, 2014 suka ɗauki La Liga. Wane tsari ya tarar?

Kawu Isa: Wannan kam ka kamo babba, ba zan yi maka musu ba. Sai dai Simeone ɗan gida ne, yana cikin 'yan wasan Atletico da suka ɗauki lig da kofi a 1996, magoya baya sun karɓe shi tun kafin ya buɗe baki. Kuma nasara ta zo masa da wuri.

Anti Zainab: Kuma bai fara da korar kowa ba, Bashir. Gabi da ya tarar a nan shi ya ɗaga ya zama kyaftin ɗinsa, Koke da ake shirin bayar da shi ya riƙe. Ka nuna mini wanda ya wulaƙanta a gaban 'yan jarida a kakarsa ta farko.

Bashir: Ban ce sai an wulaƙanta mutum ba.

Nura: Ka koma sama ka karanta saƙonka na farko, McGrath da Whiteside ka fara kawowa.