Tankin ajiyar zafi rufaffe da murhun itace: a buɗe shi ko a bar shi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan da muka koma a wani ƙauye bayan garin Lids yana da tankin ajiyar zafi mai cin lita 300, rufaffe ne, da ɗan jan tulun nan mai karɓar kumburin ruwa a gefensa. Kuɗin gas ya ishe mu, ina so in sa murhun itace mai tukunyar ruwa a bayansa. Mai gyaran famfo ya ce sai an mai da tankin buɗaɗɗe. Akwai wanda ya taɓa yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Gas da zarar ruwa ya yi zafi sai ya kashe kansa, amma itace in ya kama ba mai ce masa tsaya. Ruwa ya tafasa a rufe, ina tururin zai bi? Shi ya sa ake cire tulun, a sa ƙaramin tanki a saman silin, a ja bututun jan ƙarfe milimita 22 daga murhu yana hawa ba sauka har ya leƙa bakin tankin. Kada a sa bawul ko ɗaya a kan bututun. Ko ɗaya, Baban Khalifa. Kuma ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 in ya doshi tafasa, wato lita 12 ke nan a tankinka kaɗai, ban da na rediyetoci masu ɗumama ɗakuna. A bar wa ruwan wurin a ƙaramin tankin.

Maman Ummi: Ni roba nake ja maka kunne a kai. A gidanmu na Sikotilan an ɗauke wuta cikin dare, murhu na ci ganga-ganga, famfon tura ruwa ya tsaya. Bututu suka riƙa ƙara kamar ana dukansu da guduma, yara suka farka suna kuka. Da safe maigidan ya hau sama ya tarar tankin robar ya lanƙwashe ta gefe, saura ƙiris ya saki tafasasshen ruwa a kan ɗakin Ummi. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Ka sa na ƙarfe wanda ba ya tsatsa, balan-balan ɗin cikinsa mai tsai da ruwa in ya cika ma ta jan ƙarfe, haka bututun ambaliya.

Injiniya: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Maganin ɗauke wuta shi ne ruwan ya iya zagayawa da kansa: bututu milimita 28, tankin ajiya sama da murhu, da rediyeta guda da ba a taɓa rufe ta, tana zubar da rarar zafi.

Kawu: Ɗana, kafin ka kashe ko sisi, duba yadda tukunyar gas ɗinka ke ɗumama tankin. In ruwansu ɗaya ne, kana buɗe shi matsin ruwan zai faɗi. Tsayin ruwa mita 10 ne ke ba da matsin "bar" 1 (ma'aunin matsi), gidanka kuwa bai kai ba, kuma yawancin tukwanen gas na rufe suna ƙin tashi in matsi ya yi ƙasa. In ta murɗaɗɗen bututu a cikin tankin take ba da zafi, to ba ruwanta. Ka kuma tambayi kamfanin tankin a rubuce ko sun yarda a buɗe shi.

Baban Khalifa: Na duba, Kawu, ta murɗaɗɗen bututu ne. Alhamdulillah. To ba a iya barin sa a rufe?

Injiniya: Ana yi, amma sai da murhun da aka ƙera don haka, mai bawul da ke sako ruwan sanyi in zafi ya kai wajen digiri 95. Ni dai na fi natsuwa da buɗaɗɗe, don ba abin da zai maƙale. Ka ƙara na'urar Laddomat, tana hana ruwa mai sanyi komawa murhu, kwalta ba za ta taru ba. A zuba maganin tsatsa irin Fernox F1 ko Sentinel X100.

Maman Ummi: Kuma mai rajistar HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu girka murhun itace, za ka kira, ko ka sanar da masu duba gini na kansila, saboda inshora. Ƙararrawar iskar guba dole ce a ɗakin murhun. A lulluɓe tankin sama ta gefe da murfi, a bar ƙasansa ɗumin gida ya riƙa taɓa shi, kada ya daskare a Janairu.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan auna tsayi daga murhu zuwa tankin in turo muku hoto.