Wace manhaja ce ke iya karanta Morse ɗin da aka buga da hannu?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na haɗa rediyona da kwamfuta na sa fldigi, manhajar da ke mayar da sautin Morse rubutu. In masu gasar rediyo ne ke bugawa, rubutu na fitowa tsaf, har lambar kiransu ina gani. Amma da zarar na faɗa kan mai bugawa da maɓallin hannu a zangon mita 40, sai allon ya cika da E da T da tarkacen haruffa. Siginar na da ƙarfi, kunnena na jin ta sarai. Akwai manhajar da ta fi wannan, ko kuwa saiti ne ban iya ba?

Bashir: Wa alaikumus salam. Kafin ka sauya manhaja, ta ina sautin ke shiga kwamfutar? Ta wayar kebul, ko makirufo ka ajiye gaban lasifika?

Nasiru: Makirufon kwamfutar ne, Yaya Bashir.

Bashir: To fara daga nan. Amsa-kuwwar ɗaki tana ja wa kowane ɗigo wutsiya, sai ɗan shirun da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ya cike. Ka ja waya kai tsaye. Rediyoyin zamani da yawa suna fitar da sauti ta USB, ba sai ka sayi komai ba. Sannan ka matse matatar rediyon zuwa 500 ko 250 Hz, ka daidaita muryar siginar da inda manhajar ke saurare, wajen 600 zuwa 700 Hz. Kada ka matse ta har 50, za ta riƙa kaɗawa ta dame ɗigo da hayaniya. Maɓallin rage hayaniya ma kashe shi, kunne yake yi wa daɗi, amma yana goge bakin sautin, kuma bakin nan ne manhajar ke aunawa. Su E da T ɗin da kake gani ba wani abin mamaki ba ne: E ɗigo ɗaya ce, T dogo ɗaya, duk ƙaras ɗin da iska ta kawo sai ta ɗauke shi ɗaya daga cikinsu.

Injiniya Sa'adatu: Duk abin da Bashir ya faɗa haka ne, sai dai zai rage matsalar ne, ba zai kawar da ita ba. Nasiru, manhaja ba ta jin harafi, lokaci take aunawa. A ƙa'ida dogo ninki uku ne na ɗigo. Shirun cikin harafi tsawon ɗigo ɗaya, tsakanin haruffa uku, tsakanin kalmomi bakwai. A gudun kalma 20 a minti ɗigo milisakan 60 ne, dogo 180. Masu gasar da ka ce tana karantawa tsaf, kwamfuta ce ko na'ura ke jera musu, 60 ɗinsu 60 ce daga farko har ƙarshe. Shi kuwa mai maɓallin hannu, yanzu dogonsa ya yi 150, an jima 250, in hannu ya gaji gudun ma ya sauka. Wannan da sauƙi, manhajoji na bin sauyin gudu. Inda suke faɗuwa shi ne shirun. Ɗauki CQ da kowa ke fara kira da shi. C dogo ɗigo dogo ɗigo ce. In mai bugawa ya ɗan numfasa a tsakiyarta, ta zama N da N. Q kuma ta rabu ta zama M da A. Sai ka ga NNMA NNMA a allo, alhali duk mai kunne ya san CQ ake kira. Haka in ya haɗe: A da N in ba a raba su ba P ce. Ɗigo ɗaya ya nutse a hayaniya, H ta koma S, 5 ta koma H, 6 ta koma B.

Baba Habu: Madalla da wannan bayani, 'yata. Mu da muka koya da kunne hannu muke ce masa. Kowane mai bugawa da irin hannunsa, kamar dai rubutun alƙalami: na ɗab'i kowa ya karanta, na likita sai wanda ya saba da shi. A yaƙin duniya na biyu masu saurare sukan gane ma'aikacin tangarahon abokan gaba daga hannunsa ko da ya sauya lambar kira, har su bi shi su san inda rundunarsa ta koma. Ni shawarata guda ce, yaro ya ajiye kwamfutar nan ya koyi abin.

Umar F.: Baba ranka ya daɗe, tambayar manhaja ya yi, bari mu ba shi amsarta tukuna, wa'azin ya biyo baya. Nasiru, ni na fi jin daɗin MRP40 a kan sigina mai rauni da hannun da ba shi da tsari sosai. Ta kuɗi ce, ta Windows, amma suna barin mutum ya gwada kafin ya saya. CwGet ma tsohuwa ce mai sauƙin kai, tana nuna maka zanen sautin da layin da ke raba sigina da hayaniya, kana iya ɗaga shi ko sauke shi da kanka. Wannan layin kaɗai yana koya wa mutum abubuwa da yawa, domin za ka ga da idonka lokacin da sigina ta dusashe ta faɗa ƙasansa, haruffa suka fara gutsurewa.

Bashir: Kada a raina fldigi kuma. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Shiga saitin CW, wato Morse, ka kunna bin gudu, ka fara sa mata gudun da ya yi kusa da na mutumin. In yana buga 12 kai ka bar ta a 25, kafin ta gano kanta ya gama faɗin sunansa. Akwai kuma wani zaɓi mai suna SOM a wurin, maimakon ta yanke hukunci a kan kowane ɗigo sai ta nemi harafin da ya fi kama da abin da ta ji. Wani lokacin yana taimakawa, wani lokacin a'a. Gwada duka biyun.

Alhaji Ɗanlami: Ba wanda ya ambaci CW Skimmer? Wani ɗan Kanada ne ya fitar da ita a 2008, kuma ita ce ta sauya lissafin. Ba ta cewa wannan ɗigo ne wancan dogo ne kai tsaye, yiwuwa take aunawa ta hanyar lissafin Bayes. In ka haɗa ta da rediyon SDR, wato wanda manhaja ke sarrafa siginarsa, sigina ɗaruruwa take karantawa a lokaci guda. Ita ce ƙashin bayan Reverse Beacon Network, inda za ka kira CQ ka leƙa intanet ka ga tashoshin da suka ji ka da ƙarfin da suka ji ka. Mai ita ya yi ta waya ma, Morse Expert, a Android.

Injiniya Sa'adatu: Alhaji, a wajen tsamo lambar kira ba ta da na biyu, na yarda. Amma don wannan aka gina ta, ta san siffar lambar kira da kalmomi irin su CQ da DE da TEST. Doguwar hira da dattijo mai Vibroplex wani abu ne daban. Nasiru, in ba ka san shi ba, maɓalli ne da ake bugawa gefe da gefe, tun farkon shekarun 1900 ake ƙera shi. Ɗigon wani ƙarfe mai lilo ne ke yin sa da gudun da aka saita, dogon kuma hannu ke ja. Sai ka ji ɗigo na zuba kamar na mai gudun 30, dogo kuma na mai gudun 15. Manhajar da ke jiran ninki uku ta tarar da biyar ko shida, ta rasa wanne za ta bi. Wasu ma da gangan suke jan dogon ƙarshe, salonsu ne, suna alfahari da shi.

Alhaji Ɗanlami: Wannan gaskiya ne. Kuma mai niyyar shiga gasa ya karanta dokokinta. A gasar CQ WW amfani da Skimmer na mayar da kai rukunin masu samun taimako.

Nasiru: Allah ya saka da alheri. To wacce zan ɗauka ke nan?

Umar F.: Kada ka ɗauki maganar kowa, har tawa. Naɗi sautin mutum uku na 'yan mintuna: mai na'ura, mai maɓallin hannu, mai Vibroplex. Ka kunna wa kowace manhaja naɗin nan guda. In a kan iska kake gwadawa, yanayi na sauyawa tsakanin gwaji da gwaji, sai ka yaba wa wadda ta yi sa'a. Masu hannu kuwa ba su da wuyar samu, 'yan ƙungiyar SKCC ta masu maɓallin hannu na taruwa wajen 14.050 MHz a zangon mita 20, su ba sa amfani da na'urar jera sauti sam. Ranar 1 ga Janairu kuma ARRL, ƙungiyar masu rediyo ta Amurka, na ware ta don maɓallin hannu.

Baba Habu: To an gama da manhajoji? Bari in dawo kan wa'azina, Umaru. Ba gaba nake da kwamfuta ba. Tun da taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, na 2003 ya janye sharaɗin iya Morse kafin a ba da lasisi, Amurka ma ta soke jarrabawarsa a 2007, wanda duk ya shigo yanzu don so ya shigo, ina murna da shi. Abin da nake gudu shi ne ido ya riga kunne. Mai kallon allo yana jiran harafi ya fito, ba ya sauraro. Ranar da abokin hirarsa ya tambaye shi wani abu, allon ya kawo shirme, sai ya yi tsuru-tsuru. Mai kunne kuwa ya san bayan UR RST lambar rahoton sigina ce za ta zo, ya san 5NN 599 ne an gajarta, ya san bayan QTH sunan gari ne. Harafi biyu sun ɓace, ya cike da kansa. Nasiru, shiga LCWO, shafin koyon Morse a intanet, kyauta ne. Hanyar Koch suke bi: haruffa biyu, K da M, da cikakken gudu, in ka kai kashi 90 cikin ɗari a ƙara maka ɗaya. Kada ka yarda ka haddace jadawalin ɗigo da dogo da ido, ƙirga za ka riƙa yi, kuma mai ƙirga wajen kalma 10 yake tsayawa cik. Minti goma sha biyar kullum ta fi awa uku ranar hutu.

Injiniya Sa'adatu: Baba, ni tsakiya na tsaya. Ya bar manhajar a kunne amma ya rufe allon da takarda, ya rubuta abin da ya ji, sannan ya buɗe ya kwatanta. Tashar W1AW ta dace da wannan, tana watsa darasi daga gudun kalma 5 zuwa 35, kuma da yake na'ura ce ke bugawa allon ba zai yi masa ƙarya ba. Akwai kuma wani amfanin da ba a cika faɗa ba: ka juyar da ita kanka. Ka buga da maɓallinka, ba tare da watsawa ba, ka bar ta ta karanta. In ta rubuta NNMA, to haka mutane ke fama da hannunka suna yi maka kara.

Baba Habu: Wannan kam na sa hannu. Ta fi aboki faɗin gaskiya.

Bashir: Wani abu da na bari a baya. In sigina na tashi tana faɗuwa, rage RF gain, wato ƙarfin karɓar rediyon, har hayaniyar ta kwanta, ka gwada AGC, mai daidaita ƙarar sauti da kansa, a hankali maimakon da sauri. Mai saurin yana ɗago hayaniya a cikin shirun da ke tsakanin haruffa, manhajar ta ɗauka ɗigo ne. Tsofaffin rediyoyi masu kwalba kuma muryarsu kan zame kaɗan yayin bugawa, don haka in manhajar na da AFC, mai bin muryar sigina, ka bar shi a kunne ta bi su.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Zan ja wayar, in yi naɗin ukun in sa a nan. Baba, maɓallin hannu zan fara saya ko irin na gefe mai na'ura?

Baba Habu: Kada ka sayi ko ɗaya sai ka iya karɓar haruffa duka da lambobi. Hannu abin da kunne ya sani yake bugawa. In ka kai nan ka yi mini magana, Sa'adatu za ta ce na gefe, ni zan ce na hannu, sai mu sake zama.