Neman shawara: ƙwallon bolin ɗina ta daina jin magana

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san akwai waɗanda suka zauna ƙasashen waje a cikinmu, shi ya sa na kawo matsalata nan. A Maleshiya na koyi wasan bolin, wanda ake mirgina ƙwallo a kan layi don kayar da kwalabe goma, lokacin da nake karatu, kuma kafin in dawo gida na tara kuɗi na sayi ƙwallo tawa ta kaina, irin ta masu gasa, laba 15, aka huda mata ramukan yatsu daidai da hannuna. Bawonta riyaktif ne, wato irin mai shan man da ake shafa wa layi, mai dushi-dushi, ba mai ƙyalli ba. A can idan na sake ta ta kan kibiya ta biyu daga dama cikin alamun da aka zana a kan layi, sai ta miƙe abinta, ta kusa ƙarshe ta sha kwana ta faɗa tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama. Da dama nake jifa.

Yanzu ina Katsina, sai aiki ya kai ni Abuja nake samun yin wasa. A wani wuri da nake zuwa, tun daga gabana take fara karkata hagu, kafin ta isa ta tsallake kwalbar gaba. In ma ta shiga daidai, dukan ba ƙarfi, kullum sai ta bar mini kwalba ta 10, ta ƙuryar dama can baya, a tsaye. Na canza wuri, can kuma akasin haka: santsi kawai take yi, ba ta juyowa. Hannu ɗaya, ƙwallo ɗaya. Shin ta mutu ne? In sa a sayo mini wata, ko akwai gyara? A but ɗin mota take zama.

Na Sabon Layi:
Wa alaikumus salam. Mu da muke neman kuɗin man mota, kai kuma man layin bolin ne ya dame ka. Allah ya ba mu irin matsalarka. Bari masana su zo.

Injiniya:
Ƙanena, ƙwallonka ba ta mutu ba, kuma kada ka kashe ko sisi tukuna. Abin da ka bayyana labarin mai ne daga farko har ƙarshe.

Layin nan ƙafa 60 ne daga layin da ba a takawa zuwa kwalbar gaba, faɗinsa falanki 39. Ana shafa masa mai, amma ba duka ba. A yawancin gidajen wasa man yana tsayawa ne wajen ƙafa 40, sauran ƙafa 20 na ƙarshe a bushe suke. Kuma ba a shimfiɗa shi bai ɗaya: tsakiya ake cikawa, gefuna a bar su da ɗan kaɗan. Asali don kare katako daga dukan ƙwallo aka fara zuba shi, daga baya ya zama shi ne wasan kansa.

Jifa mai kyau hawa uku ne. Da farko ƙwallo tana zamewa a kan mai, tana juyi a gicciye amma ba ta kama ƙasa ba. Idan mai ya ƙare sai bawonta ya ciji layi, ta sha kwana. Daga nan sai ta daidaita tana mirgina gaba zuwa cikin kwalabe. Duk ƙarfin juyin da ka ba ta da yatsunka ajiya ce, mai ne ke tsare mata ita har zuwa inda ake bukata. Irin taka an ƙera ta ne musamman don layi mai mai da yawa: bawon yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotse mai don ya samu ya taɓa ƙasa, sannan an kankare shi ya yi kaushi. Ka ɗauke ta kamar tayar tarakta, a gona cikin laka take da amfani, a kan kwalta busasshiya sai cin kanta.

To wurin farko da ka faɗa, layinsu a bushe yake. Ƙwallon tana kamawa tun a ƙafa 15 ko 20, ta ƙone ajiyarta a hanya, ta iso kwalabe a gajiye. Shi ya sa take barin ta 10: idan ta shigo ba ƙarfi, tana bugun kwalbar gaba sai ta goce dama, kwalba ta 6 kuma maimakon ta tashi ta doki ta 10 sai ta kwanta gefenta a kwatar da ke bakin layi. Ba laifin hannunka ba ne, kuma ba sai lallai laifin masu wurin ba. Wurin da yawanci iyali da yara ke zuwa shaƙatawa da ƙwallayen roba na gidan, ba kowace rana ake wanke layi a sake zuba mai ba, don masu zuwan ba su damu ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Yaya Injiniya, Allah ya ƙara sani. Na gane na farko. To na biyun fa, inda take wucewa ba ta juyo ba? In bushewa ce ai da can ma ta kama. Kuma da dare nake zuwa can, bayan isha'i, an cika sosai.

Bakatsinen Houston:
Malam, amsarka tana cikin "da dare" ɗin nan. Ƙwallayen gidan wasa na roba ne, ba sa shan mai. Duk wanda ya jefa su, sai su kwashi mai daga gaba su ja shi zuwa ƙarshen layi, wurin da ya kamata a ce a bushe yake. Tun rana ana yi, kafin ka zo an shafe maka wurin shan kwana. Gaba ya bushe, baya ya jiƙe, wato an juya maka layin. Idan kuma suna zuba sabon mai ba tare da sun wanke tsohon ba, abin ya fi haka muni. Ba ƙwallon da za ta yi maka kwana mai kyau a irin wannan.

Akwai ɗan lissafi da muke amfani da shi a nan. Ka cire 31 daga tsawon man, abin da ya rage shi ne falankin da ya kamata ƙwallonka ta kasance a kai lokacin da take fita daga mai, kana ƙirgawa daga gefen dama. Mai ƙafa 40, falanki na 9. Mai ƙafa 35, falanki na 4, can bakin kwata. Mai ƙafa 45, falanki na 14, ka matso ciki ke nan. Ba wahayi ba ne, wurin farawa ne kawai. Hukumar ƙwararrun 'yan wasa ta Amurka, PBA, tana da tsare-tsaren mai da ta sa wa sunayen dabbobi. Cheetah gajere ne, ƙafa talatin da 'yan kai, ana wasa da shi daga gefe. Shark dogo ne, ya haura ƙafa 40 sosai, dole mutum ya shigo tsakiya. Shi ya sa za ka ga ƙwararre yana jan jaka da ƙwallo shida ko fiye. Ba burga ba ce.

Wani abu da zai ba ka haushi: a Maleshiya ɗin ma, rabin ƙwarewar da kake gani taka ce ta injin zuba mai ce. Tsarin gida na yau da kullum, man tsakiya ya kan ninka na gefe kusan sau goma. Ka kuskure zuwa dama, busasshen gefe ya dawo maka da ita. Ka kuskure zuwa hagu, man tsakiya ya riƙe ta. A tsarin gasa bambancin bai wuce ninki uku ko huɗu ba, kuskuren falanki biyu ma sai ka gani a allo. Ba raina Maleshiya nake ba, ƙasar da ta fitar da gwanayen bolin irin su Shalin Zulkifli da Rafiq Ismail, wanda ya ci gasar duniya ta maza ta ɗaiɗaiku a Hong Kong a 2018, ta san yadda ake kula da layi. Ka saba da wuri mai kyau ne kawai.

Hajiya Malama:
Ni duk bayanin nan bai tsaya mini a rai ba kamar maganar but ɗin mota. Ɗana, a Katsina? Garin da a watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin ƙarfe a rufe? Ka fito da ita yau. Bawo da curin da ke cikinta ba abu ɗaya ba ne, ba sa buɗewa da tsukewa tare. Ta yini tana gasuwa daga nan zuwa Abuja, ka shiga da ita wuri mai sanyin na'ura, ko kuma sanyin hunturu ya same ta da asuba, wata rana za ka buɗe jaka ka tarar ta tsage daga ramin yatsa. Wannan ba shi da gyara. Ka ajiye ta a ɗaki, in za ka yi tafiya ka sa ta a kujerar baya.

Sannan kafin ka yarda da maganar kowa a nan, har da tawa, ƙwallon za ta faɗa maka gaskiya. Ka jefa, in ta dawo kada ka goge, ka duba jikinta. In ka ga zobba-zobban mai a jere, akwai mai a gaba. In ta dawo a bushe ƙayau, ka san inda kake. Kuma an ce Katsinawa kunya gare ku ba dai tsoro ba, to ka ajiye kunyar ka tambayi yaron da ke kula da injinan wurin yaushe suke zuba mai. In da safe ne, ka je da safe. Na yi wasan nan shekaru lokacin da maigidana ke aiki a Dubai, wannan tambayar ta fi mini sabuwar ƙwallo amfani.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi abin da na manta. In ƙara da wanki. Bawon da ke shan mai yana ƙoshi, in ya ƙoshi kuma ƙwallon ta kan rage kama ƙasa ko a layi mai kyau. Ka riƙa goge ta da tawul bayan kowace jifa, in ka gama wasa ka wanke ta da abin wanke ƙwallo kafin man ya shige ciki. Wadda ta daɗe ba a kula da ita ba, a toshe ramukan da salatif, a tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa da ɗan sabulun wanke kwanuka, za ka ga mai yana tsatsowa. Ban ce tafasasshe ba, ban ce a shanya ta a rana ba.

Na Daura:
Ni shawarata ta bambanta. Ya sayi ƙwallo mai bawon yuretan ya huta. Tun farkon shekarun 1980 ake amfani da ita, kafin riyaktif ta fito a farkon shekarun 1990, kuma har yau ƙwararru na komawa gare ta idan mai gajere ne. Ba ta shan mai kamar riyaktif, ba ta fizga, kwananta a hankali take yi.

Bakatsinen Houston:
Ranka ya daɗe na Daura, a nan ban bi ka ba. Yuretan tana da natsuwa, gaskiya ne, amma da wuri take kama ƙasa. Matsalarsa ta farko ita ce kamawa da wuri. A gajeren mai na gasa akwai mai sosai a gaba, baya ne ke da zafi, shi ya sa take aiki. Shi kuma gabansa ne a bushe. Kuma a wuri na biyu da aka ja mai zuwa baya, yuretan ba za ta juyo ba ko kaɗan, ita ma jan man take yi.

Abin da ya fi arha shi ne ya canza fuskar wadda yake da ita. Akwai sanfefa ta musamman mai soso a baya, lambobinta 500, 1000, 2000, 3000, 4000. Ƙaramar lamba kaushi, ƙwallo ta kama da wuri. Babbar lamba sulɓi, ta yi nisa kafin ta kama. Ya kai ta 4000, in bai isa ba ya ƙara man ƙyalli a kai. Ba za ta zama wata ƙwallo daban ba, don curin cikinta yana nan yana tura ta ta juya, amma za ta ba shi 'yan ƙafafu na ƙarin tafiya, kuma in bai ji daɗi ba sai ya mayar da ita 2000. Cikin duk abin da ke sa ƙwallo ta yi yadda take yi, bawo ne kan gaba, curi na biye. Sai dai ya sani, a dokar USBC, hukumar wasan bolin ta Amurka, ba a taɓa fuskar ƙwallo da sanfefa idan an fara gasa, kuma tun Agusta 2019 busasshen tawul kaɗai aka yarda a goge da shi ana cikin wasa. In shaƙatawa ce ba mai tambayarsa.

Na Daura:
Na karɓa a kan wuri na biyu. Na farkon ina nan kan bakata, wanda ya iya rage juyin hannunsa zai ci da yuretan. Amma tunda sanfefa ba ta kai kuɗin ƙwallo ba, ya fara da ita.

Injiniya:
Kafin ma sanfefar ta iso akwai abin da ba ya cin kuɗi: ƙafarka. Ka daina nace wa kibiya ta biyu don ita ka saba. Ita ce falanki na 10, kuma nan ne kowa ke bi, nan ne mai ke fara ƙarewa. In ƙwallo ta wuce hagu, ka matsa hagu: ƙafa falanki biyu, ido falanki ɗaya. Ka jefa, ka duba, ka sake matsawa har ka tarar da mai a tsakiya. Ka ɗan ƙara gudu, ka bar tafin hannunka a bayan ƙwallon maimakon gefenta. A wuri na biyu kuma akasin haka za ka yi: ka koma dama inda ya fi bushewa, ka rage gudu, ka nufi kwalaben kusan kai tsaye, ka manta da kwanan burgewa. Ita kuma kwalba ta 10 idan ta rage, kada ka bi ta da wannan ƙwallon. Ɗauki ta roba ta gidan, ka tsaya can hagu ka ratsa layin a miƙe.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na fito da ita, tana ƙarƙashin gado, kuma ban ga tsaga ba alhamdulillahi. Zan yi mata wankan ruwan ɗumin, in gwada zuwa da safe in ga abin da zai canza kafin in taɓa fuskarta. Yayana na Houston, in akwai mai tahowa gida kwanan nan, a taimaka mini da 2000 da 4000 da ƙaramar kwalbar man ƙyalli, zan tura kuɗin.

Bakatsinen Houston:
Akwai mai tahowa bayan salla, ta Kano zai sauka. Zan haɗa maka har da 3000, don tsalle daga 2000 zuwa 4000 kai tsaye ba ya fitar da fuska mai kyau. Ka jiƙa soson kafin ka goga, kuma ka bi ko'ina daidai, kada ka tsaya wuri ɗaya.