'Yan tsakina suna ta atishawa, me zan yi?

Salamu alaikum masu kiwo. Ina Daura, ina da 'yan tsaki 25 'yan sati uku a akurki bayan gida. Tun da hazon nan ya sauko suke ta atishawa, huɗu har da majina da kumburin ido, da dare kuma sai ka ji maƙogwaronsu yana ƙara. Suna ci, kashinsu ba kore ba ne, kuma na ba su Lasota, wato rigakafin cutar kaji ta Newcastle, suna kwana 10. Na ware huɗun, na kwashe garin katakon da ya jiƙe, don warinsa har ni yake sa wa hawaye. Maƙwabciyata ta ce tafarnuwa a ruwa, kwana biyar ke nan, shiru. Ƙura ce ko ciwon numfashi? In toshe akurkin da buhu saboda sanyi, ko iska suke buƙata?