Magana Jari Ce: ta Imam ce ko aro ce, kuma wane bugu za a saya?

Maman Ummi: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema don Allah. Jiya Ummi ta dawo daga makaranta ranta a ɓace, wai malaminsu na Hausa ya ce Magana Jari Ce ba ƙirƙirar Abubakar Imam ba ce, kwaso labaran ya yi daga littattafan Larabawa da Turawa. Ni kuwa da littafin nan na iya karatun boko, a gaban Babanmu, Allah ya jiƙansa. Na rasa amsar da zan ba ta. Me zan karanta, ita kuma me zan saya mata?

Malam Ɗahiru: Wa alaikumus salam, Hajiya. Malamin bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa ya haɗiye rabi. A 1936 aka ɗauko Imam daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, Rupert East na Hukumar Talifi ya tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam-dabam, ya zauna wata shida yana aikin. Daga 1937 aka fara fitar da littafin, har ya cika uku. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Sarkin Busa, mai janye ɓeraye da sarewa, tatsuniyar Jamus ce. Shi kansa aku mai ba da labari don hana wani fita, masu nazari sun bi sawunsa har Indiya da Farisa. In kina son bayanin dalla-dalla, nemi Adabin Abubakar Imam na Farfesa Ibrahim Malumfashi.

Alhaji Bala: Haba Malam! Mutum ya rasu tun 1981, yau kuma shi za a tasa a gaba? Ni wannan tone-tonen na 'yan jami'a bai taɓa burge ni ba. Wa ya karanta Kalala da Kalalatu ya ji ƙamshin Bature a ciki?

Malam Ɗahiru: Ranka ya daɗe, ai ka kawo misalin da nake nema. Wannan ɗin ma yana da tushe a tatsuniyoyin Jamus: mai girki ta cinye kaji, ta ce wa baƙo maigida na wasa wuƙa ne don yanke masa kunne. Amma je ka karanta nasu, ka dawo ka karanta na Imam. Ƙashin labarin ne ɗaya. Naman, da miyar, da yadda miji da mata ke magana, duk na gidan Bahaushe ne. Wanda ya bi sawun labarin bai rage wa Imam komai ba, gwanintarsa ma ya ƙara fito da ita.

Alhaji Bala: To ni dai kalmar "kwafa" ce ba na so a gaban yara.

Anti Rabi: A nan ina bayan Alhaji. Shekara goma sha tara ina koyar da Hausa a sakandare, kuma na ga abin da kalmar nan ke yi. Da zarar ka ce wa yaro kwafa aka yi, ya rufe littafin ke nan. Ni abin da nake yi, sai na sa su karanta Sarkin Busa tukuna, mu yi dariya mu gama, sannan in ba su labarin asalin a taƙaice, in ce kowa ya lissafo abin da Imam ya canza. Wallahi ajin da ba ya magana sai ka ga ana rige-rigen ɗaga hannu. Maman Ummi, gwada mata haka a gida.

Sadiƙ: Anti, ni a talabijin na fara sanin Magana Jari Ce, wasan da NTA Kaduna ta yi da su marigayi Ƙasimu Yero. Sai da na girma na san ashe littafi ne.

Baban Khalifa: Ku bar ta ta fara da Ruwan Bagaja, shi ma na Imam ne, ya fi gajarta, yarinya za ta gama shi a kwana biyu. Rikicin tauraron labarin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kaɗai ya isa ya riƙe ta. Kuma shi marubucin bai ɓoye ba cewa salon mutum biyu masu yi wa juna wayo daga littafin Larabci Muƙamatul Hariri ya gano shi. Yana nan a littafin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace, wanda ya fito a 1989. Da Turanci yake, Hajiya, amma ba mai wuya ba.

Malam Ɗahiru: In ta gama, ta haɗa da sauran littattafan gasar rubutun Hausa ta 1933 da Ruwan Bagaja ya shiga: Ganɗoki na wan Imam, Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da East. Ni a wurina Shaihu Umar ya fi Ruwan Bagaja nauyi, ko da Alhaji zai sake yin fushi.

Alhaji Bala: Na yi kuwa. Amma ban musa ba, littafi ne mai sa hawaye. Abin da ya fi damuna shi ne kowa Magana Jari Ce, Magana Jari Ce, an manta mutumin nan shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara ta a 1939. Wa a cikinku ya karanta Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila a 1943 tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙi? A can za ka ji muryarsa shi kansa, ba aku a tsakani. Wanda ke cewa aro kawai ya iya, ya je ya karanta wannan.

Hauwa'u: Baba Alhaji, neman wannan na yi har na gaji, ban samu ba. Kuma Maman Ummi ki yi hattara wajen saye. Bara na sayi Magana Jari Ce littafi na biyu a wani shago a kasuwa, na zo gida ina cikin gasar aku da Haziƙ, sai na ga shafuka sun tsallake, wajen takarda takwas babu. Tawadar ta dushe, ƙugiyar ɗ da ƙ duk ta shafe, ƙanena yana karanta "ƙafa" yana cewa "kafa". Na mayar, mai shagon ya ce ai haka suke zuwa.

Anti Rabi: Bugun bayan fage ke nan. Ki duba sunan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, amma kada ki tsaya a bango, don shi ma ana kwaikwayonsa. Buɗe tsakiya ki ga hotunan. In sun yi baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi, ajiye. Ki bi lambobin shafi da yatsa tun a shagon, ko mai kaya zai ɓata fuska.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗaya da na biyu na Babanmu suna nan a akwati, bangon ne kawai ya tafi. Na uku, inda aku ke koyar da ɗansa Fasih, shi ne wani ya ara bai dawo da shi ba.

Alhaji Bala: Ina da na uku guda biyu, tsohon bugu. Tafiya Mabuɗin Ilmi kuwa ɗaya ne tak, Hauwa'u, sai dai ki zo gida ki karanta a zaure, ba ya fita. Hajiya, turo yaro ranar Asabar bayan La'asar ya karɓar wa Ummi nata.