Mu da Muka Yi Soja a Cikin Ɗakin Inji: Tsofaffin Masu Gyaran Jirgi, Ku Fito

Tsohon Makanike:
Assalamu alaikum 'yan'uwa tsofaffin sojojin ruwa. Jiya jikana ya zaƙulo hotona na fareti, ina sanye da fararen kaya fes, ya ce, "Kaka, haka kuke yawo a teku?" Na yi dariya har da ƙwalla. A shekara 27 da na yi ina aiki, ranakun da na sa wannan farin kayan ƙirgaggu ne. Kullum muna can ƙasa, girisi har kunne. To ina kira ga duk wanda ya riƙe sifana ko wutar walda a cikin jirgi, ya zo mu tuna. Ni a Sapele na koyi aikin, a kwalejin injiniyoyin sojan ruwa. Ɗan Katsina ne ni, kafin nan ruwan da na sani bai wuce kududdufin bayan gari ba.

Baba Mai Walda:
Wa alaikumus salam, Oga. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni rabin aikina a ma'aikatar gyaran jirage ta Wilmot Point na yi shi, a Victoria Island ta Legas. Wanda bai taɓa ganin jirgi a busasshen rami ba, bai san girman jirgi ba. Za a shigo da shi, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan a hankali har ya zauna daram a kan matokaransa. Ranar farko da na sauka ƙasan ramin na ɗaga kai, wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi. Dubban tan na ƙarfe a saman kanka, kai kuma kana ƙasa da ɗan garwashin wuta a hannu. Jikin jirgin duk 'yan halittun nan masu ɓawo sun manne, ga wari kamar kasuwar kifi ta kwana uku. Sai an kankare su tas kafin ka ga inda tsatsa ta ci. Har yau idan na ji ƙaurin walda a bakin titi sai na tsaya na leƙa aikin yaron. Sau da yawa na kan ce, "Ɗana, rage wuta, za ka huda."

Na Aradu:
Ranku ya daɗe manya. Ni ƙaraminku ne, amma na samu rabon aiki a kan jirgin yaƙinmu Aradu. Abin da ke ba ni daɗi shi ne sunan namu ne, abokan aikinmu 'yan Kudu kan tambaye ni ma'anarsa, in ce musu tsawa ce mai faɗowa. A Hamburg ta Jamus kamfanin Blohm & Voss ya ƙera shi, ya fara aiki a 1982, tsawonsa mita 125. Inji iri biyu gare shi: na dizal guda biyu don tafiyar yau da kullum, da na Rolls-Royce Olympus guda biyu idan ana son gudu. Wannan Olympus ɗin dangin injin jirgin saman Concorde ne. In aka tayar da shi, ƙarar ba a kunne kawai kake jin ta ba, har cikin haƙora.

Ina cikin waɗanda suka je Ingila a watan Yunin 2005, bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Sarauniya Elizabeth ta zagaya jiragen ƙasashe a gaɓar Portsmouth. Ana tambayata, "Ka ga Sarauniya?" Ina na gan ta? Lokacin ina ƙasa ina duban allurar mai da ta zafi. Labari aka sauko mana da shi.

Tsohon Makanike:
Haka abin yake, ƙanena. Na sama su ga gari, na ƙasa su ga allura.

Kwamanda Mai Ritaya:
Bari in kawo muku abin da na gani a waje, don har yau yana raina. A shekarun 1980 an tura ni kwas Amurka, aka kai mu ziyara sansanin Norfolk, muka shiga wani jirgi mai suna USS Vulcan. Ba jirgin kai hari ba ne, aikinsa gyaran sauran jirage. Tun 1941 yake aiki, ya ga yaƙin duniya na biyu, bai yi ritaya ba sai 1991. Ku ɗauka an kwashe unguwar maƙera da makanikai an zuba a cikin jirgi ɗaya. Akwai inda ake narka ƙarfe a zuba a mazubi, akwai injunan sassaƙa ƙarfe a jere, akwai masu naɗin wayar injin lantarki, masu ɗinkin tamfol, har da masu gyaran agogo da tafireta. Jirgin da ya samu matsala sai ya zo ya jingina da shi, a ba shi wuta da ruwa, a kashe injinsa a yi aiki. In babu kayan gyara, a ƙera. Na ga mata a cikin ma'aikatansa, abin ya ba ni mamaki a lokacin. Ashe tun 1978 aka fara tura su can.

Na fito ina ta tunanin yaranmu. A duk tafiyar da na yi, ba mu da wani jirgin da za mu jingina da shi. Abin da ya lalace a tsakiyar ruwa, hannunmu ne kawai. Gaskiya ban ga abin da makanikan can suka fi namu ba sai kayan aiki.

Ɗan Laberiya:
Yallaɓai, gaskiya ka faɗa, ni shaida ne. Agustan 1990 muka taso daga Firitawun ta Saliyo da sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, muka isa tashar Monrobiya ta Laberiya ranar 24 ga wata, ana ta harbi daga gaɓa. Jiragenmu su Ambe da Damisa duk suna cikin tawagar. Namu jirgin dai a bar sunansa. Bayan wasu makonni famfon da ke jawo ruwan teku ya sanyaya janareto ya fara zubarwa, gaskit ya mutu, babu wani a sito. In janareto ya tsaya, babu wuta, babu rediyo, abinci ya ruɓe. Shugabanmu, wani dattijo mutumin Kalaba, ya dube ni ya ce in kawo tsohon takalmina na ruwa. Ya ɗora robar a bakin famfon, ya riƙa bubbuga ta da kan guduma a hankali har siffar ta fito da ramukan noti, ya yanke da reza. Muka ɗaure. Ko ɗigo. Da wannan takalmin muka dawo Legas. Allah Ya ji ƙan mutumin nan, ya koya mini abin da ba a rubuta a littafi ba.

Baba Mai Walda:
Kai kuma ka dawo da ƙafa ɗaya!

Ɗan Laberiya:
Baba, silifas na ƙarasa da shi.

Na Aradu:
Wa ya tuna azumi a ɗakin inji? Aikin awa huɗu-huɗu ne, amma na sha biyu zuwa huɗu na rana a watan Ramadan, sai wanda ya yi. Gumi har cikin takalmi. Abokan aikinmu Kiristoci sukan ce mu hau sama mu sha iska minti goma, su riƙe mana. Mu kuma mu karɓar musu ranar Kirsimeti. Alƙibla kuwa sai an kira masu tuƙi a waya an tambaya, ka tayar da salla jirgi ya juya.

Uwargidan Soja:
Ku yi haƙuri in sa baki, maigidana ya rasu shekara shida ke nan, makanike ne irinku. Duk dawowarsa sai na jiƙa kayansa kwana biyu, warin dizal bai fita. Kunnensa na hagu kuma ya daina ji tun kafin ya bar aiki. Da daddare sai ya kunna fanka ko ana hunturu, ya ce shiru ne ke hana shi barci, don a jirgi in ka ji shiru to wani abu ya tsaya.

Tsohon Makanike:
Allah Ya gafarta masa, Hajiya, Ya raya abin da ya bari. Maganar fanka kuwa, tawa tana nan tana juyawa yanzu haka, uwargida ta gaji da faɗa. Baba Mai Walda, naka kunnen fa?

Baba Mai Walda:
Nawa ido ne, Oga. Ƙaramar 'yata ke karanta mini, ita ke rubuta abin da na faɗa.